Bakan Darakta

"Karkata shi, Maigida. A'a, ba haka ba, za ka buga shi da bango!"

Haka-Ne ya karkata bakan hagu, kansa ya zunguri fitilar silin. Ya karkata shi dama, gindinsa ya kwashe takalman makarantar 'yan biyu daga kan kanta. Bakan ya fi shi tsawo da taƙi guda, kuma wanda ya gina ƙofar wannan gidan bene bai yi tunanin maharba za su zauna a hawa na biyu ba. Mai ba shi umarnin surukinsa ne, mahaifin matarsa da suke kira Baba, yana tsaye a bayansa ya dafa bango saboda ciwon gwiwa, yana bin bakan da ido kamar an ɗauki jaririnsa da hannu ɗaya.

Sunan Haka-Ne na gaskiya yana nan a katin aikinsa, amma shekara goma sha tara ke nan babu mai kiransa da shi a ofis. Duk abin da Darakta ya faɗa, kafin ya rufe baki an ji murya daga gefe: "Haka ne, Yallaɓai." Akwai masu rantsuwa cewa wata rana atishawa kawai Darakta ya yi, nan ma ya samu amsarsa.

Yau Darakta zai ajiye aiki, kuma akwai takarda ɗaya da ta rage masa ya sa wa hannu kafin ya miƙa makulli. An buɗe sabon reshe a can bakin daji, tafiyar kwana biyu a mota, inda sai an hau tudu waya take kamawa. Ɗaki ɗaya ne gidan ma'aikaci, babu zancen tafiya da iyali, kuma shekara uku ake yi. Cikin manyan ma'aikata biyu dole ɗaya ya tafi: ko Haka-Ne, ko abokin karawarsa da ake kira Mai Hatimi. Wata shida Haka-Ne bai yi barcin kirki ba. 'Yan biyunsa mata bana za su rubuta jarrabawar fita, shi kuma tunda aka haife shi bai taɓa kwana inda babu famfo ba.

Dabarar bakan ta zo masa ne a wani taro, ranar da Darakta ya bar zancen aiki ya shiga ba da labarin kakansa, wai maharbi ne da namun daji ke jin warinsa su canja hanya. Ya ce da zai samu baka irin na dā, da ya rataye a falonsa. Haka-Ne ya ce haka ne, ai da ganin kafaɗar Yallaɓai an san gidan da ya fito. Yana faɗa yana tuna cewa a barandar gidansa, tsakanin igiyar shanya da tukunyar gas, akwai wani dogon itace da ya sha yi wa matarsa mita a jefar.

Itacen na Baba ne. Tun yana saurayi sassaƙar baka ce sana'arsa, har gwiwa ta ci amanarsa 'yarsa ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinsu. Kayan da ya zo da su ba su wuce jaka ɗaya ba, sai gizago da wuƙar kankara da wannan itacen. Shi ya sare shi da hannunsa, ya tsaga shi da ƙarfe don kada zarto ya yanke masa jijiya, ya ajiye shi a inuwa shekara uku yana bushewa. Shi ne na ƙarshe, don Baba ya san gwiwarsa ba za ta sake kai shi inda ake samun irinsa ba.

Da aka roƙe shi ya sassaƙa bakan, bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya nema, a kawo masa mutumin ya auna hannunsa, don kowane baka da iyakar jan da aka yi shi dominsa.

"Baba, Darakta ne fa. Ba a auna Darakta."

"To, yaya tsawonsa?"

"Kamar ni ne. Kusan."

Darakta sai ya sunkuya yake shiga lifta. Haka-Ne kuwa in ya zauna a kujerarsa ta ofis, yatsun ƙafarsa ne kaɗai ke gaisawa da ƙasa. Baba dai ya auna hannun da aka miƙa masa, ya kama aiki. Wata biyar yana baranda. Ya kankare kaɗan, ya rataye bakan a ƙusa, ya ja igiya, ya ja da baya da ɗingishi ya ƙura wa lanƙwasar ido, ya dawo ya sake kankare abin da bai fi gashin gira ba. Haka-Ne kan wuce da jakarsa ya ce sannu da aiki, a ransa yana cewa da kafinta aka ba, da yini ɗaya ya gama.

Yanzu da bakan ya samu ya fita ƙofa, Baba ya riƙo hannun rigarsa.

"Maigida, abu ɗaya zan faɗa maka. Ka ga bayan nan? Kada kowa ya taɓa shi. Duk tudun da ka gani, haka itacen ya tsiro, ni bin sa na yi. Jijiya ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, ita ke riƙe da shi in an ja. A ciki ake kankara, ba a baya ba."

"Haka ne, Baba."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban 'yan biyu, ka dai ji abin da ya ce? Ban ce ka amsa ba. Na ce ka ji?"

"Na ji mana, sai ka ce yaro."

A tashar bas sai da mota uku ta wuce shi. Ta huɗu ta yarda, da sharaɗin ya zauna bakin taga rabin bakan yana waje. Suna tafiya fasinjoji suka samu abin hira. Wata mata mai kwandon kayan miya a cinya ta tambaye shi ko sandar kakkaɓe yanar gizo ce. Da ya ce baka ne, kyauta ce ga babban mutum, sai wani mai tabarau a baya ya miƙo wuya ya duba da kyau.

"Babban mutum? Da wannan? Malam, ai duk ƙuraje ne a bayansa. Ko fenti babu. Ko dai faɗa kuke yi da shi?"

Motar ta kwashe da dariya. Haka-Ne ma ya yi 'yar dariyar, sannan ya dubi bakan. A baranda bai taɓa tsayawa ya kalli abin da kyau ba, sai yanzu a hasken rana. Itace ne kawai, launin ƙasa, bayansa tudu da kwari, an shafa masa mai ya yi wani dishi-dishi. Ya tuna abin da ya gano jiya cikin kwali a ƙarƙashin teburin Mai Hatimi: agogon bango mai da'irar ruwan zinare, wanda kan yi kiɗa duk awa. A aljihunsa akwai ɗan allon tagulla da ya sa aka zana masa, *Ga Ubanmu Darakta, aikin hannun ɗanka mai biyayya*. Niyyarsa ya ɗaure shi a jikin bakan da kirtani. Yanzu sai ya ga kirtani ma abin kunya ne. Ya ce wa kwandasta zai sauka a layin kafintoci.

Kafintan da ya shiga wurinsa shi ya yi masa kujerun falo. Mutum ne mai alfahari da cewa babu katakon da ya taɓa fita shagonsa a karkace. Ya karɓi bakan, ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga kai zuwa gindi, ya yi tsaki mai tsawo.

"Oga, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Akwai mutum biyu a shagon suna jiran gado. Haka-Ne ya gyara tsayuwa. Wata biyar yana yaɗawa a ofis cewa shi ke sassaƙa da yamma in ya koma gida, har maganar ta fara zauna masa a baki.

"Ni na yi."

"Ayya. To ka yi ƙoƙari. Amma gamawa aikinmu ne. Bari in bi bayan nan da inji, minti goma ya yi sumul, in ɗaure maka allon da sukuru huɗu, in fesa mai sheƙi mai saurin bushewa. Kai da kanka ba za ka gane shi ba."

"An ce kada a taɓa bayan."

Kafinta ya sauke bakan ya dube shi. "Wa ya ce? Ba kai ka yi ba?"

Masu jiran gado suka juyo. Haka-Ne ya duba nan, ya duba can, babu hanyar fita.

"Haka ne," ya ce.

Injin ya tashi da ƙara. Tudun da Baba ya yi sati biyu yana lallaɓawa da bakin wuƙa ya zama gari cikin ƙiftawar ido, na biyu ya bi shi, na uku ma haka. Aka huda rami huɗu a bayan, sama da inda hannu ke riƙewa, aka ɗaure tagulla tamau. Aka fesa mai. Gaskiya dai a faɗe ta, bakan ya yi kyau. Ya miƙe sambal, yana ɗaukar ido, har Haka-Ne ya hango fuskarsa a jiki ya gyara wuyan riga. Da suka haɗu su biyu suka lanƙwasa shi don su ɗaura tsirkiya, sai aka ji wani ɗan sauti, ƙas, daga wajen tagullar.

"Mene ne wannan?"

"Fenti ne ke kamawa," in ji kafinta. "Haka yake yi."

Tasi ya ɗauka zuwa ofis, ya kwantar da bakan daga gaba zuwa baya, ya hana direba taka rami. Yana shiga ya tsaya teburin Sakatariya, wata mai shekaru da ta ga tafiyar daraktoci huɗu ba ta yi kukan ko ɗaya ba.

"Yaya, takardar nan fa? An rubuta suna?"

"An rubuta. Tana cikin fayil, fayil yana ƙarƙashin gwiwar hannun Oga."

"Wa aka sa?"

"Ni na buga ta, amma ban iya karatu ba yau." Ta ɗaga ido ta kalli bakan. "Wai da gaske kai ka yi wannan? Kai da injin huda takarda ke gagara?"

Ya wuce ɗakin taro.

An jera kujerun roba, an ajiye lemo da biskit, an rataye wani ƙyalle mai rubutun fatan alheri wanda aka yi amfani da shi ga daraktan baya, an liƙe sunan da takarda. Aka yi jawabai. Mutanen da suka shekara goma suna zagin Darakta a bayan ɗakin fayil suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba su san yadda ofis zai rayu ba. Ɗaya har muryarsa ta karye, ko da yake daga baya an gane biskit ne ya shaƙe shi. Darakta yana zaune a tsakiya, dogo, ƙato, gwiwar hannunsa a kan koren fayil.

Mai Hatimi ya fara miƙa tasa kyautar. Siriri ne mai tsoron komai, daga lifta har ƙadangaren da ke shan rana a tagar banɗaki. Ya buɗe kwali. Darakta ya kalli agogon, ya ce madalla, ya ce a jingina shi can a bango. Shi ne agogo na bakwai da aka ba shi a wannan makon.

Sai Haka-Ne ya miƙe, ya ɗaga bakan da hannu biyu. Nan take aka ɗauki "kai!" daga kowane lungu. Darakta ya ɗage gwiwar hannunsa daga kan fayil, karo na farko tun safe, ya miƙe tsaye. Ya sa tabarau ya karanta tagullar, ya sake karantawa.

"Aikin hannunka? Kai da kanka?"

Da Haka-Ne ya ce e ya zauna, da wataƙila an rabu lafiya. Amma bai taɓa ganin Darakta ya dube shi da irin wannan idon ba, kuma daɗin abin ya hau masa kai. Ya ce shi ya shiga daji da ƙafarsa ya zaɓi itacen. Ya ce kwana uku ya yi a can, babu gado babu fitila, kuma bai taɓa barci mai daɗin wannan ba. Ya ce ba a sa wa itacen baka zarto, tsaga shi ake yi, a bar shi shekara uku a inuwa. Maganar Baba ce yake jerowa kalma da kalma, har da yadda tsohon ke ɗaga yatsa. Da ya ga Mai Hatimi ya yi tsuru-tsuru a kujera, sai ya ƙara gishiri.

"Yallaɓai, ni zaman ofis ɗin nan haƙuri kawai nake yi saboda kai. Amma zuciyata tana daji. In na kwana biyu ban ji ƙamshin ɗanyen itace ba, har ciwon kai nake yi."

Sakatariya ta ajiye kwalbar lemonta a hankali ta rufe fuska da tafin hannu.

Darakta ya tuɓe kwat ya miƙa wa na kusa da shi. Ya naɗe hannun riga. Aka matsar da kujeru, masu waya suka ɗaga wayoyinsu. Babu kibiya, don mai gadi ya riƙe waɗanda Baba ya haɗo da bakan a ƙofa, amma Darakta ya ce ba komai, yana so ne kawai ya ji abin da kakansa ke ji. Ya riƙe bakan da hagu, ya kama tsirkiya da dama, ya fara ja. Ta zo gwiwar hannunsa. Ta zo haɓarsa, wato iyakar hannun Haka-Ne da Baba ya auna. Hannun Darakta kuwa da sauransa. Ya cije leɓe ya ci gaba, har tsirkiya ta wuce kunnensa.

Ƙarar ta yi kama da an fasa taya a cikin ɗaki. Rabin sama na bakan ya tashi ya tsallake kan mutum uku, ya sauka a tsakiyar agogon Mai Hatimi, gilashin ya tarwatse, agogon ya saki kiɗansa sau ɗaya ya mutu. Tagullar ta faɗa cikin farantin biskit. Wata mai shara da ta leƙo kallo ta yi salati ta ruga. Darakta yana tsaye da guntun itace a hannu, tsirkiya na reto a wuyansa.

Haka-Ne ya dafe kai. Shi ke nan, ya kashe kansa da hannunsa. Ya hango tudun nan da ake hawa a kira gida, ya hango kansa a sama yana ɗaga waya.

Darakta ya dubi guntun itacen. Ya dubi damtsensa na dama, ya lanƙwasa shi, ya sake duba. Sai fuskarsa ta fara buɗewa, har bakinsa ya kai kunne.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Shekara sittin! Su ce wai in je in huta! Wa ya ɗauka a waya? A turo min, zan aika wa likitana."

Ɗakin ya ɓarke da tafi. Wani ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ƙarfi irin wannan ba. Wani ya ce ai tun daga yadda Oga ke buga tebur ya sani. Jinin Haka-Ne ya dawo jikinsa a guje, ya tura mutane ya matso gaba don kada wani ya riga shi.

"Haka ne, Yallaɓai! Ni na san za a yi haka. Babu itacen da zai iya da wannan hannun a garin nan!"

"A garin nan babu," in ji Darakta, yana haki cikin jin daɗi. Ya ɗora masa ƙaton hannunsa a kafaɗa. "Amma a daji akwai. Sakatariya, miƙo min fayil ɗin can."

Ta miƙa masa ba ta kalli kowa ba. Ya buɗe, ya zaro biro daga aljihu.

"Jama'a, yau na kusa barin ofis ɗin nan da zalunci a wuyana. Tun makon jiya na sa a buga sunan wannan bawan Allah," ya nuna Mai Hatimi da biro, "mutumin da ƙadangare ke kora. Ga wanda zuciyarsa ke daji, shekara goma sha tara na bar shi yana ciwon kai cikin fayil, bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba. Irin wannan biyayya ba a barin ta babu sakamako."

Ya ja layi biyu a kan sunan da aka buga. Ya rubuta wani a sama da manyan baƙaƙe, ya sa hannu, ya ce Mai Hatimi ya kawo hatimi. Mutumin ya buga shi da ƙarfin da ba a taɓa sanin yana da shi ba.

"Ka je ka sha iskar dajinka. Abu ɗaya nake roƙo, ka sassaƙo min wanda ya fi ƙarfina. Ko ba haka ba?"

Mutum arba'in suna kallon Haka-Ne, wayoyi goma suna ɗauka. Ya buɗe baki. Akwai 'yan biyu, akwai jarrabawa, akwai wani tsoho mai ciwon gwiwa a baranda wanda shi ne ya yi aikin, duk suna nan a bakin harshensa. Amma bakin ya shekara goma sha tara yana bin hanya ɗaya, bai san wata ba.

"Haka ne, Yallaɓai."

Mai Hatimi ya rungume shi yana hawaye, ya ce ya yafe agogon.

Da la'asar ya hau benen gidansu, guntayen bakan biyu a hammata, takardar a aljihu. Yanzu kam sun shiga ƙofa babu karkatawa. Matarsa ta dubi itacen, ta dubi fuskarsa, ta miƙa hannu ya ba ta takardar. A tsaye ta karanta. Ya ba ta labari a gutsure, yana tsallake wasu wurare, ita kuma tana maido shi daidai wuraren da ya tsallake.

"Tsaya. Cewa ka yi kai ka sassaƙa?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai da ko fensir ni ke feƙe maka? Kuma sunan wani ne a takardar tun farko? Wato da ka tafi hannu rabbana ka ci biskit ɗinka ka dawo, da yanzu muna zaune lafiya?" Ta juya ta shiga ɗakin 'yan biyu ta turo ƙofa. Ya ji ta tana ce musu su ci gaba da karatunsu, babu komai.

Baba yana baranda a kan kujerarsa, inda babu sauran abin kankarewa. Haka-Ne ya fi minti biyar a bakin ƙofar kafin ya iya fita. Ya durƙusa ya ajiye guntayen a gaban tsohon, abin da bai taɓa yi ba tunda Baba ya zo gidan. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko a ɗakin taro.

Tsohon ya ɗauki guntu ɗaya. Ya bi bayan da babban yatsa a hankali, daga kai zuwa inda ya karye, yana neman tudun da ya sani ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda. Yatsan ya tsaya a ramin sukuru, daidai inda tsagar ta faro. Ya daɗe a nan. Bai tambayi wanda ya yi ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi zagi da ya fi wa Haka-Ne sauƙi.

"Ya yi sheƙi," ya ce daga ƙarshe.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni ne na..."

"Na ji abin da kuke faɗa a ciki. An ce wani yake so?"

"Wanda ya fi ƙarfinsa, wai."

"Inda za a kai ka, akwai itatuwa?"

"An ce babu komai sai su."

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya jawo tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin kujera. Ya fito da gizago da ƙarfen tsaga da wuƙar kankara, ya naɗe su a tsumma, ya ɗora a cinyar surukinsa.

"Ka nemi miƙaƙƙe wanda bai yi reshe da wuri ba. Kada ka sa masa zarto a tsaye, tsaga shi za ka yi. Ka ajiye a inuwa, ba a rana ba. Shekara uku yake yi kafin a taɓa shi." Ya ɗago ya dube shi. "Shekara nawa aka ce za ka yi a can?"

"Uku, Baba."

"To, ranar da ka isa ka sare."